Ranar da Abdulhadi Ya Roƙi a Tsare Shi

"Kowa ƙasa! Fuska a rairayi!"

Rana tsaka ce, ana dawowa daga kasuwar Dungas. Itace a gicciye kan hanya, mota ta ci birki. Mainassara, ogan ɓarayin, ya harba sama sau biyu. Sule, na hannun damansa, yana bin mutane yana fizge jakunkuna. Ina cikin waɗanda suka kwanta, amma ni kaɗai ne ban rufe ido ba. Na tsallake yunwa uku a rayuwata, bindigar yaro ba ta sa ni rawar jiki.

Can bayan kalgo Abdulhadi na kan moto, rawani ya rufe masa fuska. Ɗan kabu-kabu ne a Magariya, aikinsa a ƙungiyar ɓarayin shi ne ya gudu da su kawai. Direban motar ya yunƙura zai tashi—tau! Aka harbe shi, bai sake motsi ba.

"Ja mu, ɗan iska!" Mainassara ya daka wa Abdulhadi tsawa.

Su uku kan moto ɗaya, suka yanka cikin gero.

Bayan kwana uku jandarmomi biyu suka sami Abdulhadi a tasha. Wani ya ce ya ga moto irin nasa. Ajidan, ogan jandarmomin, na son yi masa 'yan tambayoyi. A hanya sai ya tuna karatun da Mainassara ya ba su, shi da ya taɓa cin kaso, wato gidan yari, ya fito da doka a ka: ka tambayi dalilin kiranka, ka nemi lauya, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba. Sauran kuma shiru. In ba su da hujja, kwana biyu za su buɗe maka ƙofa.

"Ina kake ranar kasuwar Dungas?" in ji ajidan Mahdi.

"Yallaɓai, sai lauya ya zo."

"Kai da ko birkin moto ba ka iya gyarawa, kana da lauya?"

"Ba ni da shi. Shi ya sa nake jira."

Ajidan ya yi dariya, ya turo takarda. Abdulhadi ya cusa hannuwansa a hammata. Aka tambaye shi da safe, aka tambaye shi da la'asar. Ko sunan unguwarsu sai da aka ja.

Abin da bai sani ba, ni ma ina nawa aikin. Rawanin Sule ya zame a wurin fashin, na ga tsagen kumatunsa, kuma na san gidan da ake irin wannan tsage a Kwaya. Da sandata na kai jandarmomi har ƙofa. Suka fito da shi daga rumbu, bindiga a ƙarƙashin damin gero. Shi ma ya kulle baki.

Rana ta biyu Zulai, matar Abdulhadi, ta kawo masa fura.

"Malam, Mainassara ya zo gida."

"Me ya ce?"

"Ya ce ka shiga jiya, an kama Sule jiya. Ya ce in aka sake ka, ya san abin da ka saya da bakinka. Shi zai zo ɗaukarka da kansa."

Ya ture ƙwaryar furar gefe.

Washegari da azahar aka buɗe ƙofa. "Tashi, lokacinka ya cika," in ji ajidan. "Mai gabatar da ƙara ya ce babu dalilin ƙara maka kwana."

Abdulhadi ya leƙa ta taga. Ƙetaren titi, wajen mai tsire, wani dogo ya jingina da moto yana cin nama a hankali. Mainassara.

"Yallaɓai, ka ƙara mini kwana biyu."

"Nan masauki ne?"

"Ko kwana ɗaya. Zan share muku birgad ɗin nan, ofis da tsakar gida, zan wanke mota. Don girman Allah."

"Kai ne mai doka tun shekaranjiya. Dokar ce ta hana ni riƙe mutumin da ba ni da komai a kansa. Ga hanya."

Ya kama ƙafar tebur. Jandarma ɗaya ya ɓamɓare yatsunsa, aka ja shi har bakin ƙofa. Mainassara ya goge hannu a riga, ya tada moto.

Abdulhadi ya juyo.

"In mutum ya ba da shaida a kan wasu, ana riƙe shi?"

"Mai shaida gida yake komawa."

"To ɗauko alƙalami, yallaɓai. Ka fara da sunana."

Ya faɗi komai, har wurin da aka tsayar da moto. Kafin ya gama, jandarmomi huɗu sun zagaya ta bayan mai tsire. Mainassara ya kai hannu ƙugu—bai kai ga zarowa ba. Harsashin jandarma ya riga shi. Nan ya faɗi matacce, cikin toka da tsinken nama.

Sule ya sha ɗauri mai tsawo. Direba ya bar marayu huɗu a Dungas. Zulai ta kwashe kayanta ta ƙetara iyaka wajen 'yan uwanta, ba ta sake kawo fura ba. Abdulhadi kuwa lauya ya zo masa daga baya, aka karanta masa takardar da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya ce haka ne, ya dangwala yatsa. Shekara goma sha biyar aka yanke masa. Da alƙali ya faɗa, sai ya tambaya ko za a iya kai shi kason da Sule ba ya ciki.