Mazauni na Uku a Kwamfutar Malam Gwadabe

A shekarar 2001 aljani ya sauka a gidan Malam Gwadabe da ke Dutse, ya kwana uku yana azabtar da mutanen gidan. Bai fasa ko kofin shayi ba, akuyar gidan ma ba ta san ya zo ba.

Malam Gwadabe ma'aikacin gwamnati ne mai kaifin harshe, wanda ya shekara uku yana fassara wani littafin rabon gado daga Larabci zuwa Hausa. Shari'a ta zo, kowa na neman irin wannan littafi, mai ɗab'i a Kano ya ce a kai masa ran Alhamis, in ta wuce zai buga na wani. Aikin kaf yana cikin kwamfuta, babu kwafi ko'ina, domin Malam ya daina yarda da takarda tun da gara ta ci masa babi biyu.

Kwamfutar nan mazauna biyu gare ta. In an kunna sai ta tambaya wanne ake so, Windos ta Larabci ko ta Turanci. A ta Larabci littafin yake. Malam ya hana kowa taɓa ta, har da 'yarsa Rashida, wadda ta yi wata takwas tana zuwa ajin koyon kwamfuta, kuma ita kaɗai a gidan ta san aikin maɓallan da ke sama.

Ran Lahadi ya dawo daga Jahun gab da magariba. Rana ta faɗa bayan duwatsu, tsakar gida ta yi shiru irin wanda bai saba ji ba, ko turmi ba ya ƙara. Ya kafe babur, ya yi salla, ya shiga ɗaki ya kunna. Na'urar ta yi gurnani, ta yi tsit. Babu tambaya. Baƙin gilashi kawai, da layi ɗaya na Turanci, da wani ɗan farin tsinke yana ƙifta masa ido. Ya kashe ya kunna sau tara. Da ya ɗora hannu a bayanta sai ya ji ɗumi, alhali tun safe ba ya gida.

Ya fito tsakar gida ya tsaya.

"Wallahi tallahi," in ji shi, "duk ɗan Adam ɗin da ya taɓa na'urar nan, ya gama zuwa makaranta a gidan nan. Kowace iri."

Matarsa Safiyatu ta ci gaba da tsince shinkafa. Rashida ta shige ɗaki.

Washegari ya kawo Muntaka mai gyara, wanda ya duba ya ce abin da ya fi sauƙi a wanke ta tas a zuba sabuwar Windos. Malam ya tambaya littafin fa. Muntaka ya ce ai wanki ba ya zaɓe. Malam ya raka shi ƙofa da kalmomin da ba a rubutawa.

A magaribar ranar aka fara jifa. Dutse uku a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. Talata ma haka. Dutse ba abin nema ba ne a garin nan, kuma duk daga wajen madafa suke tasowa, inda Safiyatu ke girki, amma ta ce ita ba ta ga kowa ba. A jifan Talata Rashida ta yanke jiki ta faɗi, idanu a juye, tana magana da wata murya mai kauri.

Malam bai cika yarda da irin wannan ba. Sai dai saura kwana biyu, kuma masu ilimin zamani sun ce wanki. Laraba da la'asar ya tafi Kiyawa ya ɗauko Modibbo, dattijo mai ruƙiyya, wanda ya ga aljanu da yawa, ya kuma ga iyaye da yawa.

Modibbo ya zauna kan buzu ya yi karatu a hankali har inuwa ta rufe tsakar gida. Hayaƙin turare ya tsaya cak. Rashida ta miƙe zaune.

"Wane ne kai?" in ji Modibbo.

"Jaji. Shekarata ɗari huɗu."

"Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Wucewa nake ta cikin waya, na shiga akwatin can in huta. Na'urar tana tsakiyar ajiye rubutu na ji babur, na firgita, na fizge filogi daga bango."

"Aljani yana tsoron babur?"

"Wannan babur dai. Da wanda ke kansa."

Malam ya yunƙura. Modibbo ya ɗaga masa yatsa ɗaya.

"Ka lalata wa bawan Allah aikin shekara uku."

"Ban lalata ba. Gwadabe ne bai san komai ba." Tunda aka haifi yarinyar nan ba a taɓa jin sunan nan tsirara a bakinta ba, Safiyatu har ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, don tsoro mai yiwuwa. "Rubutun yana nan kwance. Rajistar da ke nuna inda kowane abu yake ita ce ta yage. Mazauna biyun kuma ƙofa ɗaya suke bi, ta toshe da su duka. Zan iya ɗinke ta. Amma ya yi rantsuwa."

Modibbo ya sa aka maimaita masa lafazin. Ya shafa gemu ya ce rantsuwar a kan ɗan Adam ta faɗa, aljani kuwa ba ɗan Adam ba ne, saboda haka ba ta hau kan kowa ba.

"Ban yarda da shi ba," in ji muryar. "Gobe zai sake fassara ta, ai sana'arsa ce. Ya warware ta gaba ɗaya. Kaffara, mutum goma, yau, a gabanka."

"La'ananne!" in ji Malam. "A gidana za ka kafa mini sharaɗi?"

"To a wanke ta tas."

Modibbo ya dubi Malam. "Aljanin nan ya yi karatu. Ni dai da ni ne, da na ciyar."

Abin mamaki, tuwon da Safiyatu ta tuƙa a ranar ya kai na mutum goma har da ragi. Aka fita da shi ƙofar masallaci, Modibbo ya shaida.

Sannan muryar ta ce a duba aljihun jakar makarantar yarinyar, akwai ƙaramin faifai mai kusurwa huɗu. Malam ya zura shi cikin na'urar, ya kunna, ta tashi daga kan faifan. Aljani ya riƙa faɗar haruffa, Malam na dannawa da yatsa biyu.

"S, C, A, N. Ba wannan ba, Gwadabe. Shekara uku kana zaune gabanta ba ka san inda N yake ba?"

Gilashi ya koma shuɗi. Na'urar ta shiga bin rajistar layi layi, tana tsayawa tana tambaya ko a gyara, muryar na cewa a gyara. Ta tambaya ko a zubar da guntayen da ta tsinto marasa suna. Muryar ta ce a zubar, da sauri. Malam, wanda bai taɓa zubar da ko tsohuwar ambulan ba, ya danna a ajiye.

Ana kiran isha tambayar ta dawo: Larabci ko Turanci? Littafin yana nan, babi goma sha ɗaya, ko wasali bai ɓace ba. Modibbo ya umarci Jaji ya fita ta ɗan yatsan ƙafa kada ya sake dawowa. Rashida ta yi atishawa uku, ta buɗe ido ta ce, "Baba, me ya faru?"

Da asuba, kafin ya kama hanyar Kano, ya buɗe guntun da ya ajiye. Rabin wasiƙa ce ta Turanci, ta neman gurbin karatun kwamfuta a wata kwaleji, ta yanke a tsakiyar jimla. Ya karanta sau biyu. Ya tuna tuwon mutum goma, wanda tuni an cinye, an kuma wanke kwanukan.

Aljanin ya rubuta sunan Rashida daidai, da ranar haihuwarta, da lambar jarrabawarta.