Kifin Rafin Bayan Gida

Wa ya fi ƙaunar Chizuru, wanda ya gasa kifin ko wanda ya ƙi ci? Har yau ita kanta ba ta da amsa.

A gidansu da ke duwatsun Fukushima, mai neman aure sai ya ci kifin rafin bayan gida kafin a ba shi mata. Haka mahaifinta, tsoho Tokuji, ya gada. Amma tun hatsarin tashar nukiliya guba ta sauka kan dajin, ganye ya ruɓe a ruwa, ta shiga jikin kifi. Ba wari, ba launi.

Saurayinta Naoto na durƙushe a tabarma, kifin da Tokuji ya gasa na tururi a gabansa, ya ƙi miƙa hannu.

"Baba, a yi haƙuri... a kai shi ofishin ƙauye a auna ko da guba tukuna."

"A auna?" Tokuji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Su daddatsa min kifi kamar abincin kyanwa? Ɗan birni! Ruwan nan ya fi idonka haske!"

"Baba..."

"Yi min shiru, Chizuru! Wanda ya ƙyamaci rafina, shi zai auri 'yar rafin?"

Ta san abin da ke cin tsohon. A bakin rafin nan ya fara ganin marigayiya mahaifiyarta tana wanke ganye. In na'ura ta ce rafin ya mutu, me ya rage masa?

Ta matsa kusa da Naoto. "Masoyina, loma ɗaya... don ni."

"Yau ni ne, Chizuru, gobe 'ya'yanmu Baba zai ba. In na ci, da wane baki zan hana?"

Tokuji ya nuna ƙofa. "Ga takalmanka can."

Naoto ya sunkuya har goshinsa ya taɓa tabarma, ya miƙe zai fita.

Chizuru ta fizgi tsinkayen cin abinci, ta gutsuro tsoka. "To ni zan ci a madadinsa! Ba ni ce 'yar rafin ba?"

Loma ba ta kai baki ba tsohon ya damƙe mata wuyan hannu. Damƙa ta gaske, har tsinkayen suka zube.

Tokuji ya zuba wa hannunsa ido kamar na wani ne.

Can ya jawo tsohuwar jarida, ya naɗe kifin a hankali, ya tura wajen ƙafar Naoto. Bai ɗago ba.

"Kai, mai taurin kai, dawo ka zauna... Ƙarfe nawa suke buɗe ofishin nan?"