Igiyar da Nomau Ya Yanke

Ku matso kusa, kowa ya yi bisimilla. Wanda ya san ba shi da zuciya ya tashi tun yanzu.

A Kukar Maje akwai ɗan asibiti mai ɗaki uku, can ƙarshen gari. Wutar lantarki ba ta taɓa zuwa garin ba. Da mutane suka gaji, sai ƙungiyar gari ta sayo tsohon janareta a gwanjon kayan sojoji. Ƙato ne, kore, mai shan dizal. Aka yi masa rumfar kwano a bayan asibitin, aka damƙa shi a hannun Nomau.

Shekara talatin Nomau yana gyaran injin niƙa da na ban ruwa. Mutum ne mai tsabtar aiki. In ya ga waya ko tsumma a ɗaure jikin inji, sai ransa ya ɓaci, ya ce aikin ragwaye ne.

Ana gobe bikin buɗewa ya wanke injin tas da kananzir. Nan ya ga wata baƙar igiyar takalmin soja a ɗaure da ɗan ƙarfen da makanikai ke kira gwamna, wanda ke riƙe gudun inji kada ya hau kada ya sauka. Ɗaya bakin igiyar ba a ɗaure yake da komai ba. Amma a miƙe yake, tsam, kamar ana ja.

Ya gani. Bai tsaya tunani ba. Ya sa wuƙa ya yanke, ya jefa a wuta tare da tsummoki.

Aka yi biki, aka yi jawabai, aka watse.

Bayan kwana uku 'yarsa Hansatu ta haihu a asibitin. Bakwaini, mace, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Numfashinta ba ya isarta, sai aka sa mata na'urar iska a hanci. Damina ce, kogi ya cika ya rufe hanya. Motar birni sai da safe.

Dab da magariba fitilun asibitin suka soma wasa. Su yi haske, su dushe. Su yi haske, su dushe.

Malama Larai, ma'aikaciyar jinya, ta leƙo ta taga.

"Baba Nomau! Na'urar tana ƙara tana ɗaukewa. Me ke faruwa?"

"Ina kai, Malama."

A fuskar injin akwai agogo mai allura, mai nuna saurin bugun wutar. Dole allurar ta tsaya a kan hamsin. In ta kauce, na'ura mai laushi irin ta jaririyar nan ba ta yarda ta yi aiki. Yanzu allurar na lilo. Arba'in da biyar. Hamsin da shida. Arba'in da huɗu. Injin na nishi yana ɗagawa kamar tsoho a kan tudu.

Nomau ya fara da abin da ya sani. Ya tsiyaye man ƙasan tanki ko da ruwa a ciki. Babu. Ya kwance matatar mai ya duba, fes take. Ya fitar da iska daga layin mai. Ya ce a kashe firji da fankoki, a bar na'urar kaɗai. Ya murɗa maɓallin saita gudu, dama, hagu. Allurar ba ta san yana yi ba.

Aka kira salla. Ya yi ta nan gefen injin, a gaggauce, yana jin kukan na'urar ta bango.

Da ya sallame, sai ya ga mutum a tsugune a ɗaya gefen rumfar.

Kakin soja ne a jikinsa, ya koɗe har ya koma launin toka. An yi ruwa da la'asar, ƙasa duk caɓi. Babu sawu ko ɗaya daga hanya zuwa inda yake.

"Sannu da aiki, mai gyara."

Muryar ce ta fara tayar wa Nomau da tsigar jiki. In injin ya ɗaga, sai ta yi sauri ta sirance. In ya sauka, sai ta ja, ta yi kauri.

"Yawwa, bawan Allah. Daga ina?"

"Daga nan."

Nomau ya sunkuyar da kai. Idonsa ya sauka a kan takalman. Na dama a ɗaure. Na hagu babu igiya, bakinsa a wangale. Kuma a ciki babu ƙafa. Duhu ne kawai.

Matacce ba ya dawowa, wannan kowa ya sani. Nomau ya gane da wa yake magana. Ya soma karanta Ayatul Kursiyyu.

"Ƙarasa," in ji baƙon. "Ni ma ina karanta ta. Ba cuta ta kawo ni ba. Sallama na zo yi."

"Sallamar me?"

"Ka yanke igiyar."

Baƙon ya nuna injin, ya ci gaba.

"Wani kofur ne ya ɗaura ta, a daji. Kamarsa ce wannan da na ara. A wancan daren tantinsu cike yake da masu rauni, gwamnan injin ya saki. Ya cire igiyar takalminsa ya ɗaura, ya rasa inda zai maƙala ɗaya bakin. Ana harbi. Ya ce, wanda ke kusa ya riƙe mini, yanzu zan dawo. Ni ne a kusa."

"Bai dawo ba?"

"Shekara goma sha ɗaya. Aka kwashe tanti. Aka jefa injin a juji, aka ɗauko, aka buga masa lamba, aka sayar. Ina riƙe. Babu wanda ya taɓa tambayar me ya sa wannan ruɓaɓɓen ƙarfe bai saki ba. Kai ma ka ga igiyar a miƙe. Ka tambaya?"

"Ban tambaya ba."

"To ka sauke mini amana. Na gode."

Fitilu suka dushe har suka kusa mutuwa. Daga ciki aka ji muryar Hansatu.

"Baba! Baba, ta yi shuɗi! Don Allah, Baba!"

Nomau ya zabura. Ya fizgo waya ya ɗaure gwamnan, allurar ta faɗi. Ya gwada robar taya, ta haura sittin. Baƙon na kallonsa.

"Ba igiyar ke riƙewa ba, mai gyara. Hannu ne. Ka ja in ya sauka, ka saki in ya hau, kafin allurar ta motsa."

"Ɗan Adam ba zai iya wannan saurin ba."

"Ba zai iya ba."

Maganar na bakin Nomau: ka riƙe mana, daren yau kaɗai. Ya haɗiye ta. Ya san abin da ake nufi da roƙon irinsu.

"Ba zan roƙe ka ba," ya ce. "Allah nake roƙo."

Baƙon ya miƙe ya matso.

"Ka kyauta. Da ka roƙa ma ba zan yi ba, na gaji da ku. Amma abin da ke hannuna zan iya bar maka. Ka sani, in ya shiga ba ya fita."

Na'urar ta sake ɗaukewa. Malama Larai na salati da ƙarfi.

Nomau ya miƙa hannun dama.

Ya kama ƙarfen, zafi kamar garwashi. Wani hannu ya sauka a kan nasa, mai sanyi kamar ruwan randa. Sai wata kaɗawa ta shige shi, daga yatsu har kafaɗa, motsi ƙanana, masu sauri, ba sa ƙirguwa. Injin ya gyara murya. Allurar ta hau hamsin ta tsaya cak.

Da ya ɗaga kai, babu kowa. Takalmin hagu kaɗai aka bari a cikin caɓi.

Haka ya tsaya har gari ya waye. Sallar isha da ta asuba da ka ya yi su, a tsaye. Da hantsi ruwa ya janye, mota ta iso, aka tafi da Hansatu da 'yarta. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa daga ƙarfen.

Yarinyar ta rayu. Alhamdu lillahi.

Hannun kuwa bai daina ba. Dare da rana yana kaɗawa. Sifana ba ta zama a cikinsa, ko cokali. Ƙungiyar gari ta zauna ta ce tsufa ya kama Nomau, shi ya lalata musu inji, aka karɓe makullin rumfa. Wasu suka ce ƙwaya yake sha. Masu injin niƙa suka koma wajen wani. Bai yi musu da kowa ba. Wa zai gaya wa?

Da aka sallamo su daga birni, Hansatu ta kawo masa jaririyar har ɗaki. Ya miƙo hannu biyu yana murmushi. Ta dubi na daman. Ta ɗan ja da baya.

"Baba, bari dai in riƙe maka ita, ka gani. Kada ta suɓuce."

"Haka ne," ya ce. "Riƙe ta da kyau."

Ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Tabarmar ta ci gaba da rawa.

Injin na nan har yau a bayan asibitin Kukar Maje, ciyawa ta cinye shi. Kada in ji ɗayanku ya bi ta wajen shi kaɗai da magariba. Kuma in kun ga abu a ɗaure jikin tsohon kaya, ku tambaya kafin ku sa wuƙa.

Ku tashi ku yi addu'ar barci.