Wa Ya Shiga Ƙarƙashin Kan Jirgi?

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Juma'a, Sufeto Mannir yana ofishinsu na Tambuwal, ya kai loma baki ke nan, sai waya ta yi ƙara. Daga caji ofis na Kebbe ne.

"Yallaɓai, an yi sata ga jirgin ƙasa."

"Jirgin mi? A Kebbe? Kai, ko rana ta taɓa ka?"

Rana ba ta taɓa kowa ba. Wani kamfani ne mai haƙar farin dutse ya shimfiɗa ɗan gajeren layin dogo daga ramin dutsensa zuwa inda manyan motoci ke lodi. Ya yi hayar wani tsohon kan jirgi mai shan dizal daga Zariya, aka ɗoro shi a tirela har da direbansa da bakanikensa. Mannir haifaffen Dogon Daji ne, jirgin ƙasa sai dai a talabijin. Ya ture kwano, ya haye babur, ya bi hanyar Kebbe yana tsallake ramuka kamar wanda aka ce amaryarsa ta iso.

Tun daga nesa ya hango kan jirgin, kore, ƙato, ya fi shagon kasuwa uku tsawo. Leburori sun yi cincirindo a bakin wani sito suna ihu, "Ɓarawo! A fito muna da shi!"

Manajan wurin, Nasrullahi, ya tare shi yana sharce gumi.

"Mun kama shi, Sufeto. Maigadi ne, Ɗangiwa. Mun tafi masallaci mun bar shi shi kaɗai, muka dawo babu bawul ɗin birki. Tagulla ce zalla, girman buta. In babu ita jirgi ba ya motsi. Ka wuce da shi kotu kawai."

"Bari dai in ga wurin tukuna."

Mannir ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin jirgin. Ga gurbin abin nan. Bututu uku da suka rabu da shi, kowanne an toshe bakinsa da tsumma mai tsabta don kada ƙura ta shiga. Notuna shida an jera su a kan ƙarfe, ko ɗaya bai karce ba. Shekararsa goma sha tara yana bin ɓarayin ƙarfe, bai taɓa ganin wanda ya tausaya wa abin da ya lalata ba.

Aka buɗe masa sito. Ɗangiwa dattijo ne mai farin gemu, irin mutanen da 'yan kasuwa ke bar wa ajiya ba a kira shaida. Yana zaune a kan buhun siminti, hularsa a hannu, idonsa jawur.

"Baba, ka bar wurin ga yau?"

"Ko taki ɗaya."

"Ga ƙasar tabarma nan ga goshinka. Ina ka yi sallah?"

Tsoho ya sunkuyar da kai.

"Na yi ƙarya, ɗana. Na zaga masallacin ƙauye, ba ni iya barin Juma'a. Amma wallahi ban ɗauki komi ba. Ni dai abin da nag gani, ina dawowa, wani jan ƙyalle ga hancin jirgin. Nac ce shanya ce. Kafin in iso babu shi."

"Ka gaya ma manaja?"

"Wa ka sauraren ɓarawo? Shekara sittin da fuɗu ba a taɓa kirana da sunan ga ba. Ga surukaina can waje suna ji."

Abin ya sosa wa Mannir rai ƙwarai. Ya dafa kafaɗarsa ya fita.

Direban jirgin, Gazali, yana tsaye a inuwar tarago yana ta murza makulli a hannu.

"Malam Gazali, mi a aikin jan ƙyalle ga jirgi?"

"Tuta ce, yallaɓai. Dokarmu ce ta 'yan dogo. Ba mai shiga ƙarƙashin kan jirgi sai ya kafa jar tuta. Muddin tana nan ba mai tayar da inji, kuma wanda ya kafa ta shi kaɗai ke cire ta. Mutum ya fi saurin manta sunansa da ya manta wannan."

"Ina taka?"

Gazali ya buɗe ɗakin tuƙi ya nuna ta a naɗe bayan kujera, gizo-gizo har ya yi saƙa a kanta.

"Wa kuma ad da irinta?"

"Babu... ban sani ba."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Mannir ya yi murmushi, don ya san ƙaryar mai rufa wa aboki asiri in ya ji ta.

Bakaniken shi ne Malam Na'iya, gajere, furfura ta cinye kansa, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji. Yana ta goge fitilar jirgin, alhali tana walƙiya.

"Ina kake lokacin sallah?"

"Masallacin Kebbe, sahun baya."

"Ina tutarka?"

"Na baro ta a Zariya. Wata bakwai ke nan."

"Wata bakwai kana shiga ƙarƙashin jirgi babu tuta?"

"Ta direba nake ara."

Wato tutar da gizo-gizo ya yi gida a kai. Mannir ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙa wa wani ɗan sandan Kebbe da ke wurin, ya sa aka fito da Ɗangiwa, ya kira manaja da leburori suka kewaye wurin.

"Malam Gazali, hau ka tayar da inji. Zan shiga ƙasa in ji inda iska ka fita."

"Yallaɓai, ba a yin haka!"

"Umurni ne. Hau!"

Gazali ya hau ya murza makulli. Inji ya yi tari sau biyu, ya saki wani irin ruri da ya sa ƙasa ta ɗauki rawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama. Leburori suka ja da baya. Mannir ya kwanta rigingine ya fara tura kansa tsakanin ƙafafun ƙarfe.

"Tsaya! Kai, tsaya! Gazali, kashe!"

Na'iya ne. Ya taho a guje kamar ba dattijo ba, ya zura hannu cikin rigar aikinsa, ya fizgo jan ƙyalle ya cusa a hancin jirgin. Inji ya mutu.

Sai a lokacin Na'iya ya dubi hannunsa, ya dubi tutar. Sabo turken wawa.

Mannir ya fito yana kakkaɓe baya, bakinsa har kunne.

"Lalle tutar ga ta iya tafiya, Malam Na'iya. Daga Zariya har nan da ƙafa?"

Ɗangiwa ya nuna tutar da yatsa. "Ita ce! Ita nag gani!"

Na'iya ya zauna a kan dogo.

"Ni ne. Tagullar tana cikin akwatin yashi na ƙafar bayan jirgi, na naɗe ta da buhu. Ba sayarwa zan yi ba."

"To don mi?"

"A aikinmu, muddin kan jirgi yana tafiya, bakanike ba ya barinsa. Wata bakwai ban ga gida ba. Mahaifiyata tana kwance, kullum sunana take kira. Sau uku ina neman hutu, manaja yana cewa wa zai riƙe jirgi. Sai na ce in bawul ya ɓace, dole a aike ni Zariya in samo wani. Kwana biyu kawai nake so."

Idanun mutane suka koma kan Nasrullahi.

Aka tono tagullar daga cikin yashi tana ƙyalli. Na'iya ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya mayar da ita da hannunsa, don duk ƙasar nan babu wanda ya san ɗaurinta. Mannir ya yarda. Cikin minti ashirin ya gama, ya fito ya miƙa hannuwa aka sa masa ankwa.

Mannir ya juya ga jama'a ya ɗaga murya. "Duk wanda ya kira dattijon ga ɓarawo, shi zo nan shi ba shi haƙuri. Manaja, kai za ka fara!"

Suka zo ɗaya bayan ɗaya, kai a ƙasa. Da za a wuce da Na'iya motar 'yan sandan Kebbe, ya tsaya a gaban tsohon.

"Ka yafe mini, Malam Ɗangiwa. Wallahi ban zaci za ta faɗa kanka ba."

Ɗangiwa ya mayar da hularsa a ka, ya dube shi.

"Allah shi ba tsohuwarka lafiya. Da ka gaya man, da ni da kaina na kwanta ga hanyar jirgin har su sake ka. Amma awa ukku ina cikin sito ana zagina, kai kana tsaye nan waje kana ji. Wannan sai na yi shawara da zuciyata."

Na'iya bai sake ɗaga kai ba har aka rufe ƙofar motar.