Baƙon da Ya Faka Mota a Kan Yashi

Hannunsa biyu a ka Nuala ta fara ganin Fintan, yana tsaye a bakin tekun Donegal yana kallon ruwa na haɗiye tayoyin motarsa. Ɗan Tullamore ne, can tsakiyar ƙasa. Ya ga yashi shimfiɗe, ya faka, ya tafi hawan dutse abinsa.

"Bawan Allah, ba wanda ya gaya maka ruwa yana dawowa?"

"Ga shi nan yana gaya min da kansa," ya ce kamar zai yi kuka.

Babanta Manus, tsohon masunci, shi ya ja motar da tarakta. Kwana huɗu motar tana wurin makanike, Nuala ta ɗauki baƙon a tata motar suna bin hanyar gaɓa, su taka yashi ba takalmi, su hau tsaunin Sliabh Liag iska na neman kwashe su. Kafin motar ta tashi, zuciya ta riga ta tafi.

Da maganar aure ta taso, Manus ya ce atafau. "Wanda bai san lokacin cikar ruwa ba zai riƙe min 'ya? Ga Declan nan maƙwabci, da jirginsa na ruwa." Gaskiyar kuwa, tun rasuwar matarsa Nuala kaɗai ta rage masa.

Ta tura wa Fintan saƙo: "Baƙona, ba zan iya saɓa wa Baba ba, kuma ba zan iya rabuwa da kai ba. Ban san yadda zan yi ba."

"Ni ma ban sani ba, 'yar teku. Sai Asabar."

Abin da ya iya ke nan. Duk Asabar ya tuƙo awa huɗu, ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba, a zaunar da shi falo, a kawo shayi a kofin baƙi. Manus ya ce, "Za a yi ruwa," ya ja bakinsa. Wata takwas! Abin tausayi ne wallahi.

Wata Asabar ana sheƙa ruwa ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya ƙara, shiru. Ya tsaya jagab, ya tabbata shi ke nan, an ba Declan ita. Ya juya zai tafi sai taga ta buɗe.

"Kai ɗan Tullamore!" in ji Manus. "Ƙofar gaba ta limamin coci ce da masu ɗaukar gawa. Na gaji da ganin 'yata tana rama. Zagaya ta baya kamar 'yan gida, kuma ka cire min takalman nan!"

A kicin ya tarar da Nuala, tana kuka tana dariya.

A watan Yuni aka ɗaura auren a ƙaramin cocin ƙauyen. Manus ya damƙa hannunta a na Fintan.

"Ita ke nan gare ni, ɗana. Allah Ya yi muku albarka."