Zanin Goyon Biri

Ranar da ya fara shigowa shagon Baba, 'yarsa Auta na kan keken ɗinki tana kafa hannun riga. Dogo ne mai gilashi. Ya gaida Baba da ladabi, ya ce zannuwan goyo yake so a ɗinka masa, ƙanana masu laushi, ba maɓalli ba zif.

"Wane irin jariri ne wannan?" in ji Baba da ya ga awon.

"Na biri ne, Baba. Ni likitan dabbobi ne. Zan je aikin sa kai gidan da ake rainon biran da aka ƙwato daga masu fataucinsu. Marayun cikinsu ba sa barci sai a jikin mutum."

Auta ta tuntsire da dariya har ta kusa ɗinke yatsarta. Ya dube ta, ta dube shi. To fa, ta faru ta ƙare!

Ɗinkin yini guda sai ya ƙi ƙarewa. Yau ya zo duba yadi, gobe ya manta biro. Daga nan aka koma saƙon waya.

"'Yar Tela, suna neman ƙarin mutum mai haƙuri. Na san wata, amma dariyarta ta yi yawa."

"Likitana, biri ya hana dariya ne?"

"In kika nuna masa haƙora faɗa yake ɗauka. Kuma ba turare, ba 'yan kunne, sai an yi miki rigakafi."

"Na yarda. In dai tare da kai ne."

Yarinya ta shiga shiri gadan-gadan. Ta tuɓe 'yan kunne, ta daina shafa turare, tana tsayawa gaban madubi tana koyon murmushi baki rufe. Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, ta daɗe tana yi mata tallar ɗan ƙawarta mai shagon turare. Da Auta ta mayar masa da kwalbar da ya aiko, sai Gwaggo ta garzaya ta fesa wa Baba komai.

"Ba inda za ki," Baba ya ce. "'Yata ba za ta bi mai goyon biri duniya ta yi mana dariya ba. Ya karɓi ɗinkinsa ya kama gabansa."

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don wallahi tana sonsa, tafiyar ma ta shiga ranta.

"Share hawayenki, 'Yar Tela," ya rubuto. "Ba zan ɗauke ki ta bayan gida ba. Gobe zan zo in ji daga bakinsa."

Ya zo, Baba ya miƙa masa kayan, fuska ba walwala. Amma tela tela ne. "Gwada in gani. Ba na sallamar aikin da ban ga zamansa ba."

Likita ya ciro wata 'yar tsana da yake koyon goyo da ita, ya ɗaura ta a ƙirji. Maƙwabta suka cika ƙofar shago suna ƙyaƙyatawa. Ko a jikinsa, har jijjiga ta yake yi.

"Kai, haka ake ɗauri? Ai sai ka shaƙe shi!" Baba ya miƙe ya kwance, ya tallafe kan, ya zagaya zanin ya ƙulle cikin ƙiftawar ido.

Auta ta saki baki. "Baba, ina ka iya?"

Gwaggo ce ta amsa, muryarta a sanyaye. "Da mahaifiyarki ta rasu, a bayansa kika girma. Yana taka keke kina barci. Babu irin dariyar da ba a yi masa ba a layin nan."

Baba ya daɗe yana kallon saurayin da 'yar tsana a ƙirji. Ya goge ido da bayan hannu, wai zare ne ya faɗa masa.

"Namijin da ba ya kunyar goyon maraya ba zai wulaƙanta min 'ya ba. Ka turo manyanka."

Kafin ranar tafiya aka ɗaura aure, Gwaggo ce ma kan gaba a hidima. Suna shirya akwati, amarya ta ga wani zanin goyo a ƙasan sauran, babba, da ɗinkin hannun Baba. Ta kira shi.

"Baba, wannan ya yi wa biri yawa."

"Wa ya ce miki na biri ne? Ku je ku dawo lafiya, Allah Ya yi muku albarka."

Ta rufe fuska da zanin tana dariya, haƙoranta duk a waje. Ango bai hana ta ba.