Sa Hannun Kaka

Ranar da ya fara kawo ɗalibansa na digiri na biyu ɗakin adana tsofaffin takardu, ita ce ta tare shi a ƙofa.

"Malam, biro ba ya shiga nan. Fensir kawai."

Ya laluba aljihu ya miƙa mata makullin mota. Ɗaliban nan takwas suka kwashe da dariya. Shi da yake koya musu kada su yarda da labari sai sun binciki tushensa, ranar bai iya haɗa jimla ɗaya ba.

Daga nan kullum sai ya sami wani fayil da zai zo nema. Ita ce ma'aikaciyar da ke riƙe da ɗakin, don haka ya raɗa mata Mai Makulli.

"Mai Makullina, yau na rubuta shekara ɗaya sau uku a allo. Laifinki ne."

"Kawo hujja, Malamina," ta amsa.

Wata biyar ana haka, ya tura kawunsa gidansu neman aurenta. Kawu ya dawo jiki a sanyaye. Ɗan gwaggonta, wanda ya daɗe yana sonta, ya riga ya kai wa Babanta labari: wai kakan Malam ne hedimastan da ya kori mahaifin Baba daga makaranta, saura wata biyu ya gama. Baba ya ce ba zai haɗa jini da gidan ba.

Malam ya rasa ta inda zai kama. Ya tambayi Ummansa, ta ce kakansa ko kaza bai taɓa kora ba. Ya tambayi gwaggonsa, ta ce ai lokacin ma ba ya garin. Ya nemo rajistar makarantar, ya tarar ruwa ya cinye rabin sa hannun da ke shafin korar, kuma hedimasta biyu ne masu suna iri ɗaya.

Sai ya rufe sunayen, ya ba ɗalibansa hoton shafin su gwada. Huɗu suka ce na farko ne, huɗu suka ce na biyu.

Da ta ji, ta turo masa saƙo: "Abin kunyar gidanmu ka mayar darasi? Na ɗauka ni kake nema, ashe abin koyarwa kake nema."

"Wallahi na rufe sunaye. Kaina ne ya kulle, Mai Makullina."

Kwana tara ba ta amsa ba. A na goma ya shiga ɗakin, ta ajiye masa wani fayil a gabansa ba tare da ta dube shi ba. Idonta ya yi ja.

"Na same shi tun shekaranjiya. Na rasa ko in ba ka ko in mayar."

Wasiƙar korar ce, da cikakken sa hannu. Na kakansa ne. Ba a rubuta dalili ba.

"Babu wanda ya san da ita sai ni da kai," ta ce a hankali.

Ya daɗe yana kallon takardar. "In na ɓoye, gobe da wane baki zan tsaya gaban yaran nan?"

Ranar Asabar da hantsi ya durƙusa a falon Baba, ya miƙa kwafin.

"Baba, gaskiyarku ce. Kakana ne. Na nemi dalili ban samu ba, ba kuma zan ƙirƙiro ba. Ina ba ku haƙuri a madadinsa."

Baba ya sa tabarau, ya karanta har sau biyu.

"Na zaci za ka zo ka wanke shi." Ya cire tabarau ɗin. "Ni ma ban san dalilin ba. Mahaifina bai taɓa faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Wa ya nemo wannan?"

"Ita ce, Baba."

"Kuma ta ba ka, kai kuma ka kawo mini." Ya girgiza kai, ya ninke takardar. "Tashi, ɗana. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannayensu biyu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Abin da ya shige mana duhu, kada Allah ya sa ya shiga tsakaninku."

Ta sunkuyar da kai tana hawaye, shi kuwa ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.